Kimiyya a Sauƙaƙe: Yajin aikin da ƙwayoyin jikinmu ke shiga don su tsira

 Mun so a makon nan mu tattauna kan shirin jarrabawa, amma wani abu ya faru a gida da ya sauya mana akala.

Ranar Litinin ta makon jiya aka dawo da autar gidanmu daga makaranta a A Daidaita Sahu, wai jiri ya ɗebe ta a wajen asambule. 'Yar aji biyar ce a sakandare. Ta daɗe tana ƙorafin kasala da haki in ta hau bene, mu kuma muna ta yi mata tsiya cewa son jiki ne. Aka kai ta asibiti, aka ɗebi jini. Da yamma Umma ta miƙo mana takardar sakamakon. Ba ta kama sunanmu saboda alkunyar ɗan fari, sai ta ce, "Kai, malamin kimiyya, zo ka karanta mana abin da suka rubuta. Likita dai ya ce jininta bai isa ba."

Muka karɓa da ƙarfin gwiwa, ai dai aji uku muke a jami'a, kuma sinadaran jikin mai rai muke karanta. Himogulobin ɗinta, wato jan sinadarin da ke dakon iskar oksijin a cikin jini, giram 8.6 ne a kowace desilita, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 12 a matsayin iyakar ƙasa ga mace irinta. Akwai kuma wani layi mai haruffa MCV, wanda ke nuna matsakaicin girman jar ƙwayar jini. Ya kamata ya faɗa tsakanin 80 da 100, nata kuwa 68 ne. Muka gyara murya muka yi bayani kamar a gaban allo: sinadarin ƙarfe ne ya yi ƙaranci a jikinta, shi ya sa ƙwayoyin suka fito ƙanana kuma koɗaɗɗu. Umma ta gamsu. Auta da ke kwance kan doguwar kujera ita ce ta kwance mana zani a kasuwa. Ta ce, "To Yaya, wa ya gaya wa ƙwayoyin cewa babu ƙarfe? Kuma me ya hana su yin girmansu, su zauna fanko?"

Muka ce za mu duba. Kwana uku muka yi muna dubawa, kuma abin da muka tarar ya wuce maganar jini. Ashe kusan kowace ƙwayar halitta a jikin ɗan Adam, da ta akuya, da ta raƙumi, da ta duk wata dabba mai shayarwa, tana da hanyar shiga yajin aiki idan rayuwa ta yi tsanani. Mu ɗaliban jami'a ba sai an fassara mana yajin aiki ba.

Bari mu fara daga aikin da ake dainawa. In aka ce furotin, hankalinmu kan tafi ga wake da nama da ƙwai. Amma wanda muka ci, hanji kan wargaza shi ne, ƙwayoyin jiki su sake ƙera nasu. Himogulobin furotin ne. Insulin da ke daidaita sukari furotin ne, haka gashin kanmu, haka sinadaran da ke narka tuwo a ciki. Kowane ɗaya kamar carbi yake, wanda aka zura da duwatsu iri 20 da ake kira amino asid, kuma yadda aka jera duwatsun shi ke bambanta wani da wani. Asalin tsarin jerin yana ajiye cikin DNA a cibiyar ƙwaya, ba ya fita. Kwafi ake yi, a aika waje. Sunan kwafin mRNA, mu ce masa takardar oda. Wani ɗan inji mai suna ribosom ke bin takardar yana zura duwatsu, biyar zuwa shida a daƙiƙa ɗaya, kuma ƙwaya guda tana iya mallakar miliyoyin irin wannan inji.

Aikin yana da tsada ƙwarai. Kowane dutse ɗaya da aka zura yana cin kimanin ATP huɗu, wato kuɗin kuzarin da ƙwaya ke kashewa. Mu yi lissafi. Himogulobin guda yana da sarƙoƙi huɗu, biyu masu duwatsu 141, biyu masu 146, jimla 574. A ninka da huɗu, an haura 2,000 ke nan. Jar ƙwayar jini ɗaya tana ɗauke da himogulobin kusan miliyan 270, jikin baligi kuma yana fitar da sababbin jajayen ƙwayoyi kimanin miliyan biyu a kowace daƙiƙa. Ba mamaki da masana suka ƙiyasta cewa ƙera furotin kaɗai na lashe kusan rubu'in kuzarin jikin da ke hutawa.

To, a ce zafi ya yi yawa, ko iskar oksijin ta yanke, ko bairos ya kutso, ko kayan aiki sun ƙare. Ci gaba da ƙera furotin a wannan hali asara ce biyu. Ta farko ɓarnar kuzarin da ake bukata don gyara. Ta biyu ta fi muni. Sabon carbi ba ya aiki sai ya naɗe cikin wata siffa takamaimai, kuma cikin tsanani naɗin kan lalace, lalatattun su manne da juna su dunƙule. Duk wanda ya taɓa dafa ƙwai ya ga haka da idonsa: farin ƙwai ruwa ne garau, wuta ta warware furotin ɗinsa suka cakuɗe, kuma babu mai mayar da dafaffen ƙwai ɗanye a madafi. Ƙwayar da ta cika da irin wannan dunƙule mutuwa take yi.

Yadda ake tsayar da aikin shi ne abin da ya fi burge mu, domin ba a bin miliyoyin injina ana kashe su ɗaya bayan ɗaya. Wuri guda ake toshewa.

Ribosom ba ya iya fara carbi da kansa. Sai an kawo masa dutsen farko, wanda kullum iri ɗaya ne, metiyonin, kuma mai kawo shi wani furotin ne da ake kira eIF2. Mu ɗauki wannan eIF2 a matsayin ɗan aike mai amfani da batir. Duk sanda ya kai dutse ɗaya, cajinsa ya ƙare, dole ya je wurin mai caji kafin ya sake fita. Mai cajin shi ne eIF2B. Kowa ya san rumfar mai cajin waya a bakin kasuwa: wayoyi sun fi soket yawa. Haka abin yake a cikin ƙwaya, 'yan aike sun fi masu caji yawa nesa ba kusa ba. Idan masifa ta zo, sai a liƙa wa wasu 'yan aiken wani ɗan ƙunshi mai suna fosfet, a daidai dutse na 51 na ɗaya daga sarƙoƙinsu. Ɗan aiken da aka liƙa wa fosfet, in ya isa wurin mai caji, maƙalewa yake ya hana shi aiki. Tunda masu cajin kaɗan ne, ba sai an liƙa wa kowa ba. Kaso kaɗan ya isa ya gurgunta rumfar baki ɗaya. Sauran 'yan aike su yi ta layi babu caji, ribosom su yi ta jiran dutsen farko. Cikin 'yan mintuna yawancin aiki ya tsaya cak, kuma ba a lalata inji ko ɗaya ba.

Su wa ke liƙa fosfet ɗin? Masu gadi huɗu ne a jikin dabbobi masu shayarwa, kowa da ƙofar da yake tsaro. Wanda ya shafi Auta sunansa HRI, kuma ta kansa aka fara gano labarin gaba ɗaya.

Jar ƙwayar jinin dabba mai shayarwa tana da wani hali na daban: kafin ta balaga takan tofar da cibiyarta. Ta kaza da ta kwaɗo suna riƙe da tasu, tamu kuwa babu. Ma'ana, a kwanakinta na ƙarshe na cika kanta da himogulobin, ba ta da ofishin da zai ce a daina aiko da oda. Takardun sun riga sun fito. Hanya ɗaya da ta rage ita ce a tsayar da injinan. Shi kuma himogulobin gida biyu ke haɗa shi: sarƙoƙin furotin da ake kira gulobin, da wasu zobba huɗu da ake kira hem, kowanne da ƙwayar zarra ta ƙarfe ɗaya a tsakiyarsa, wadda ita ke kama oksijin. In babu ƙarfe babu hem. Gulobin da bai sami hem ba kuwa ba ya zama lafiya, dunƙulewa yake ya zama guba.

A shekarun 1960 masu bincike, ciki har da Irving London a Amurka, suka lura da wani abu a jinin zomo. In aka fasa jajayen ƙwayoyin da ba su gama balaga ba, aka zuba ruwansu a kwalbar gwaji, sai ya yi ta ƙera gulobin na 'yan mintuna, sannan ya tsaya. In aka ɗiga masa hem, sai ya ci gaba. An ɗauki shekaru ana neman abin da ke taka birkin. A tsakanin 1976 da 1977 ɗakin binciken London da na Tim Hunt da Richard Jackson a Kambirij ta Ingila suka nuna cewa wani furotin ne ke liƙa wa eIF2 fosfet. (Wannan Tim Hunt shi ne ya sami kyautar Nobel a 2001, amma kan wani binciken daban, na rabuwar ƙwaya.) Dabarar mai sauƙi ce. Idan hem na da yawa, yakan manne a jikin HRI ya sa shi barci. Idan ya yi ƙaranci, HRI ya farka ya taka birki. Ga amsar tambayar Auta ta farko: babu wanda ya aiko da saƙo daga nesa, mai gadin ne ya ji babu komai a jikinsa.

Tambayarta ta biyu, gwajin ɓeraye ne ya amsa ta. A 2001 ɗakin binciken Jane-Jane Chen a jami'ar MIT ya samar da ɓerayen da ba su da HRI sam. Muddin abincinsu na da ƙarfe, da ƙyar a bambanta su da sauran. Da aka hana su ƙarfe sai bambanci ya fito. Ɓeraye masu HRI suka yi irin na Auta, ƙwayoyi ƙanana koɗaɗɗu amma masu rai. Marasa HRI kuwa ƙwayoyinsu ba su ƙanƙance ba, suka ci gaba da zuba gulobin babu hem, ya dunƙule a cikinsu, da yawa suka mutu tun kafin su shiga jini, ƙarancin jinin ya fi tsanani. Wato 68 ɗin nan da muka karanta wa Umma da murya mai ban tausayi, shaida ce cewa birki ya kama. Ƙwayoyin Auta sun yanka rigarsu daidai da yadin da suka samu.

Sauran masu gadin uku za mu bi su da sauri, ban da ɗaya. GCN2 shi ke lura da yunwa: in wani nau'in amino asid ya yanke, motocin da ke dakonsa su yi ta dawowa wayam, shi kuma ya taka birki. A nan ne hikimar iyayenmu ta haɗa hatsi da wake take fitowa, domin masara da dawa suna da ƙarancin laisin, ɗaya daga duwatsun da jiki ba ya iya ƙerawa, wake kuma yana da shi. PERK yana zaune a bangon wani ɗaki na ƙwaya inda ake naɗe furotin ɗin da za a fitar waje, irin su insulin. In kayan da ba a naɗe ba suka taru, ya ce a dakata da kawo sababbi. An gano shi a 1998 da 1999, a ɗakunan binciken Ronald Wek da David Ron.

Na huɗun, PKR, shi ne sojan cikinsu. Bairos ba shi da ribosom nasa, da namu yake ƙera kansa, kamar baƙon da ya shigo gida ya kama girki da tukunyarka da itacenka. Yawancinsu in suna hayayyafa sukan samar da RNA mai igiya biyu, abin da ba a saba gani a cikin ƙwaya ba. Da PKR ya shinshino shi sai ya tsayar da aiki, kowa ya rasa, har da mai gida. Su ma bairos ba su zauna ba. Na mura yana da furotin mai suna NS1 da ke hana PKR farkawa. Bairos ɗin da aka yi rigakafin agana da shi yana ƙera wani ɗan aike na bogi, K3L, don PKR ya ɓata lokacinsa a kansa. Na hafis, mai sa ƙuraje a leɓe, ya fi su wayo: yakan bari a liƙa fosfet ɗin, sannan ya ɗauko ma'aikacin gidan da ke ɓamɓare shi ya sa shi aiki. Irin wahalar da waɗannan ƙwayoyin cuta suka sha don kauce wa birki ɗaya ta isa ta nuna mana muhimmancinsa.

Yanzu ga wurin da muka karanta sau uku kafin ya shiga kanmu. Ko a yajin aiki akan bar masu aikin gaggawa. In komai ya tsaya, wa zai ƙera kayan gyara? Akwai wasu takardun oda ƙalilan da aka tsara su ta yadda sai an taka birki ake iya karanta su. Mafi shahara ita ce ta wani furotin mai suna ATF4.

Ku ɗauki takardar ATF4 kamar titi. Ribosom yana shiga daga farko yana gangarawa, kuma ba ya iya tsayawa a wata tasha sai yana ɗauke da ɗan aike mai caji. A farkon titin akwai wata 'yar ƙaramar tasha, inda yake sauke ɗan aiken da ya taho da shi, ya ci gaba wayam yana neman wani. Gaba kaɗan akwai tasha ta biyu, wadda tarko ce: duk wanda ya tsaya a cikinta, hanyar za ta zagaya da shi ta wuce ƙofar ATF4, ta sauke shi can gaba. Ƙofar ATF4 ita ce ta uku. A lokacin yalwa 'yan aike masu caji sun cika titi, ribosom ya sami wani nan take, ya faɗa tarko, ATF4 ba a ƙera shi. A lokacin tsanani kuwa sun yi wuya, ribosom ya yi ta tafiya wayam har ya wuce tarkon, sai can gaba ya dace da ɗaya, daidai lokacin da ya iso ƙofa ta uku. Ƙarancin da ya tsayar da kowa shi ne ya buɗe wa ATF4 hanya. Alan Hinnebusch ya fara gano irin wannan dabara a jikin yis a shekarun 1980, aka tabbatar da ita a dabbobi masu shayarwa a 2004. A ganinmu duk darussan da muka yi a bana babu wanda ya kai wannan kyau, kuma abin takaici layi biyu kacal ya samu a takardun da ake raba mana a aji.

Shi ATF4 cibiya yake wucewa ya ba da odar kayan ceto: masu shigo da amino asid daga waje, masu kashe guba, masu share lalatattun furotin. Su kuma dubban takardun da aka dakatar ba a yaga su. Ana tattara su wuri guda tare da wasu furotin, su zama 'yan curi-curi da ake iya gani da madubin ƙara girma. Nancy Kedersha da Paul Anderson suka bayyana su a ƙwayoyin dabbobi masu shayarwa a 1999. In hankali ya kwanta curin ya narke, takardu su koma hannun injina.

Zafi kuwa yana da nasa ƙarin shiri, kuma mu da muke shan ranar watan Afrilu a ɗakin kwanan ɗalibai babu wuta ya kamata mu san shi. A 1962 wani ɗan Italiya, Ferruccio Ritossa, yana nazarin ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace, sai wani abokin aikinsa ya ƙara zafin akwatin da ake renonsu. Da ya duba sai ya ga wasu sassan DNA ɗinsu sun kumbura, alamar ana ta kwafar oda daga wurin. Daga baya aka gane furotin ne na musamman, irin su Hsp70, waɗanda aikinsu shi ne riƙe 'yan'uwansu da zafi ya fara warwarewa, su taimaka musu su sake naɗewa. Mu ma muna da su. Amma kariyar tana da iyaka. In zafin cikin jiki ya haura digiri 40 mutum ya fara ruɗewa ko sambatu, ɓarna ta fara fin ƙarfin masu gyara, sai a sanyaya shi da ruwa nan take a garzaya asibiti.

Akwai ma birki na biyu da ba mu da filin buɗe shi yau, mai suna mTOR, wanda ke auna abinci da kuzari. Sunansa ya samo asali ne daga maganin rafamaisin, da aka samu a jikin wata bakteriya cikin ƙasar da aka ɗebo daga tsibirin Rapa Nui na tekun Fasifik.

Yajin aiki ba ya da amfani in ba a san ranar janye shi ba. Cikin odar da ATF4 ke bayarwa har da ta wani furotin, GADD34, wanda ke jagorantar ɓamɓare fosfet daga jikin 'yan aike, rumfar caji ta sake buɗewa. Wato tun ranar da aka fara yajin aka ɗaura agogon ƙarewarsa. Idan kuwa masifar ta ƙi wucewa, wani furotin mai suna CHOP ya yi ta taruwa, har ya kai ƙwayar ga kashe kanta cikin tsari, don kada ta zame wa maƙwabtanta annoba.

Cututtuka biyu da ba a cika gani ba sun nuna abin da ke faruwa in ma'aunin ya karkace ta kowane ɓangare. Jariran da aka haifa PERK ɗinsu ba ya aiki sukan kamu da ciwon sukari tun suna 'yan watanni, domin ƙwayoyin da ke ƙera insulin ba su da mai ce musu su dakata, sai aiki ya kashe su. Ana kiran ciwon Wolcott-Rallison, an gano tushensa a 2000, kuma an fi samunsa inda iyaye biyu suke dangi na kusa. A ɗaya ɓangaren, a 2001 tawagar Marjo van der Knaap a Amstadam ta gano cewa wani ciwon ƙwaƙwalwa na yara, wanda farin sashen ƙwaƙwalwa ke zaizayewa a hankali, daga raunin mai caji eIF2B yake. Irin waɗannan yara zazzaɓi ko ɗan buguwa a kai kan jefa su cikin mummunan hali. Can birki babu, nan birki ya ƙi saki. Ƙwayoyin kansa ma sun iya cin moriyar tsarin: a tsakiyar ƙari, inda jini ba ya isa sosai, da wannan yajin aikin suke lallaɓawa su rayu.

Ga wani labari da muka san zai faranta wa masu shirin jarrabawa. A 2013 Carmela Sidrauski da Peter Walter a San Faransisko suka gano wani sinadari da suka sa wa suna ISRIB. Aikinsa shi ne ƙarfafa mai caji, ya ci gaba da aiki ko an liƙa wa wasu 'yan aike fosfet. Ɓerayen da aka yi wa allurarsa sun fi sauran saurin koyon hanya a gwajin ninƙaya, domin ajiye abu a ƙwaƙwalwa na dogon lokaci yana bukatar sabon furotin. Da muka ba abokan ɗakinmu labari, tambayar farko ita ce a wane kemis ake sayarwa. Babu. Ɓeraye ne aka gwada, ba ɗalibai ba, kuma wanda ya karanta abin da ya sami yaran da ba su da PERK ba zai yi gaggawar cire wa jikinsa birki saboda jarrabawar zango ɗaya ba.

Binciken da ya fi kusa da gidajenmu shi ne na sikila. Jariri a ciki yana amfani da wani nau'in himogulobin na daban, wanda ba ya lanƙwasa ƙwaya, sai bayan haihuwa jiki ya sauya zuwa na manya. Shi ya sa jariri mai sikila ba ya fara ciwo sai ya yi 'yan watanni. A 2018 tawagar Gerd Blobel a asibitin yara na Filadelfiya ta nuna cewa in aka rage HRI a ƙwayoyin jinin ɗan Adam da ake reno a ɗakin gwaji, himogulobin na jarirai yana ƙaruwa, lanƙwashewa tana raguwa. Ba magani ba ne tukuna. Amma a ƙasar da rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta ana haifar yara masu sikila kimanin 150,000 a shekara, muna ganin bai dace a ce sai a Filadelfiya ake sanin sunan HRI ba.

Mu koma kan doguwar kujera. Auta ba ita kaɗai ba ce. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, haka kashi 68 na ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ba duka ne na rashin ƙarfe ba. Zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, tsargiya da sikila duk suna da hannu. Ga 'yan mata akwai jinin al'ada da ake rasawa duk wata, ga karin kumallo na shayi da burodi. Shi ma shayin yana da sinadarin da ke rage tsotsar ƙarfe a hanji, yayin da lemo da gwaiba da tumatir ke ƙara ta. Hanta, nama, kifi, wake da ganye irin zogale da alayyafo su ne wuraren nema. Roƙonmu ɗaya ga 'yan'uwa: kada wanda ya ji kasala ya nufi kemis ya sayi maganin ƙarin jini kai tsaye. A fara aunawa. Mai sikila, musamman wanda aka sha yi wa ƙarin jini, yana iya kasancewa ƙarfe ya yi masa yawa ne, ƙari kuma cutarwa ce a gare shi.

Likita ya rubuta wa Auta ƙwayar ƙarfe da maganin tsutsa, ya ce ta ci gaba da sha har wata uku bayan jinin ya dawo daidai, don a cike rumbun ajiya. Ya kuma gargaɗe ta cewa bayan gida zai yi baƙi, kada ta tsorata. Mun gaya mata cewa cikin mako guda hem zai fara wadata a ɓargonta, HRI ya koma barci, sababbin ƙwayoyi su fara fitowa da girmansu, amma tsofaffin ƙananan za su ci gaba da yawo har su cika kwanakinsu, domin jar ƙwaya kan yi kimanin kwana 120. Saboda haka kada ta sa ran 68 zai zama 85 a gwaji na gaba.

Umma ta mayar da shayinta zuwa hantsi, ta sa mu sayen lemo kullum daga kuɗin motarmu, a matsayin tarar kiran yarinya mai son jiki. Nan da mako huɗu za a sake ɗibar jinin, kuma Auta ta ce wannan karon ita za ta karanta takardar da kanta.